Kundin Aikin Hasumiyar Masallacinmu: Oktoba 2024 zuwa Mayu 2025

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau muka fara. Na buɗe wannan kundi ne don 'yan kwamitin masallaci da ke nesa su riƙa bin aikin ba sai sun kira ni da tsakar dare ba, kuma don in na yi kuskure a san ranar da na yi shi.

Ladan ne ya jawo maganar. Watan jiya aka sake jin ƙasa ta motsa a Mpape, can Abuja, kamar yadda ta yi a Satumban 2018. Muna fitowa daga sallar Isha'i ya tare ni a bakin ƙofa, ya nuna sama da sandarsa. "Injiniya, in abin nan ya zo Kaduna, wannan da nake tsayawa a gindinta sau biyar a rana za ta tsaya kuwa?" Na yi dariya, na ce masa ai Kaduna a kan dutse take zaune. Ina isa gida dariyar ta ƙare. Kwoi ma a kan dutse take, a jiharmu kuma take, amma ranakun 11 da 12 ga Satumba, 2016 mutanen Jaba sun fito daga ɗakunansu a guje, bangon gidaje ya tsattsage. Ƙarfin wancan motsi kusan 3 ne kacal a ma'auni. Ban ba ladan amsa ba ke nan, na dai rufe masa baki.

Hasumiyar mai kusurwa huɗu ce, ta jan bulo ƙonanne, irin wanda ake gani a tsofaffin gine-ginen reluwe. Dattawa sun ce kafin samun 'yancin kai aka gina ta. Bazazzagi ko Bakatsine zai yi murmushi in ya ji muna kiranta tsohon gini, su da ke da masallacin Babban Gwani da Gobarau. To ya za mu yi? Garin namu ma sai a 1917 ya zama hedikwata, da aka taso daga Zungeru. Tsohon kowa nasa ne.

Mu uku ne: ni da ɗalibaina biyu, namiji da mace, da za su rubuta kundin digirinsu a kan aikin. Kwamiti zai sayi ƙananan kaya da abincin rana. Ba wanda za a biya.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kwana uku muna awo. Ba zanen ginin a hannun kowa, don haka komai da tef muka ɗauka, muka maimaita da na'urar safiyo da muka aro.

Tsawo daga daɓe zuwa kan jinjirin wata mita 19. Gindi mita 3.2 kowane ɓangare. Kaurin bango santimita 70 a ƙasa, yana sirancewa zuwa 45 a sama. Daga kudu tana manne da bangon masallaci har mita 5, daga nan ta miƙe ita kaɗai.

Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk shekarun da na yi ina wucewa ta ƙarƙashinta: gini biyu ne aka ɗora wani kan wani. Jan bulon ya tsaya a mita 15. Mita huɗun sama ginshiƙai ne siriri guda huɗu na bulon siminti, kowanne kaurinsa santimita 30, tsawonsa mita 2.4, suna ɗauke da ƙubbar kankare. Fenti ɗaya aka shafe su da shi shi ya sa ido ba ya rarrabewa daga ƙasa.

Mun saki igiya mai dalma daga baranda. Hasumiyar ta karkata gabas da santimita 7 a cikin mita 15, wajen rubu'in digiri. Ɗalibina ya tsorata, na ce ya kwantar da hankalinsa. Hasumiyar Garisenda da ke Bologna a Italiya tsawonta mita 48, karkatarta digiri 4, kuma sai bara a watan Oktoba aka killace kewayenta. Karkata kaɗai ba ta ba ni tsoro. Abin tambaya shi ne ta tsaya a nan ne tun tuni, ko har yanzu tana tafiya.

Akwai tsaga a fuskar gabas, ta taso daga kusurwar taga ta biyu ta gangaro mita biyu da rabi. Inda ta fi faɗi milimita 4. Daidai samanta indararon baranda ya karye.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Liman ya haɗa ni da wani tsohon birkila da ke Tudun Wada, wanda ya ɗauki kwanon kwaɓi yana yaro lokacin da ake ginin. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma hannunsa na nan. Na ɗauko shi a mota. Bai hau ba, a gindi ya tsaya, ya sa farce ya ƙanƙaro kwaɓin da ke tsakanin bulo a cikin ɗakin matakala, ya murza, ya shinshina.

"Ɗana, wannan farar ƙasa ce da yashin kogi. Ba siminti a ciki ko cokali ɗaya."

Na ce, "Baba, ba ta yi laushi da yawa ba kuwa? Ga ta tana marmashewa."

Ya ce, "Ku 'yan boko kun fi son abu mai tauri. Wannan in gini ya motsa tana binsa. Siminti in gini ya motsa sai ya ce shi ba ya zuwa, sai bulo ya fashe."

Littattafan da na karanta shafi ashirin suke ɗauka kafin su faɗi wannan. Kwaɓin farar ƙasa ya fi bulo laushi, don haka shi ke ɗaukar ƙananan motsi, kuma yana barin danshi ya fita. Matsalar ita ce daga waje an lulluɓe hasumiyar gaba ɗaya da filastar siminti mai kauri, aka bi da fentin mai. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita. Da muka haska bangon gabas daga ciki, akwai farin gishiri-gishiri a jikin bulon, wasu kuma in ka danna da maɓalli sai su zubo kamar garin jar kanwa.

Na tambaye shi ginshiƙan sama. Ya ɓata fuska. Ya ce ba aikinsu ba ne, shekaru da yawa bayan haka aka ɗora, lokacin da kuɗi suka shigo gari kowa yana son ƙubba irin ta ƙasashen Larabawa. Asali rufin kwano ne ɗan ƙarami a kai, ladan ya tsaya a baranda ya yi kira da bakinsa. "An kira ni aikin na ƙi. Na ce musu ba a ɗora wa tsoho buhun gishiri a ka." Na tambaya ko an dasa rodi daga ginshiƙan zuwa cikin tsohon bulo. Ya ce shi dai da idonsa ya ga an zuba kwaɓi a kan barandar an jera bulo.

In haka ne, ƙubbar zaune kawai take, nauyinta ne ke riƙe da ita.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Mun manna ma'aunin tsaga guda shida: faranti biyu na roba, ɗaya mai layukan milimita, ɗaya mai alamar giciye, kowanne a gefe guda na tsagar. Uku a tsagar gabas, biyu a mahaɗar tsohon gini da sabo, ɗaya inda hasumiya ta haɗu da bangon masallaci. Ladan ya karɓi aikin karantawa duk Juma'a bayan Asuba. Ɗalibata ta koya masa ɗaukar hoton da waya. Na ƙasan kuma mun rufe shi da gwangwani saboda yaran Islamiyya.

Talata, 10 ga Disamba

Daren jiya muka yi gwajin jin motsi, kuma ya lalace. Laifina ne.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Kowane dogon gini yana kaɗawa koyaushe, kaɗan ƙwarai yadda jiki ba ya ji: iska na tura shi, tirela na wucewa a titi, ƙasa kanta ba ta taɓa yin shiru ɗungum. Kuma kowane gini da saurin kaɗawarsa, kamar yadda kowace tsarkiyar garaya take da muryarta. Gini mai ƙwari yana kaɗawa da sauri. Wanda ya tsage ko gindinsa ya yi laushi sai ya rage sauri. In ka ɗora na'ura mai jin motsi a sama ka bar ta awa guda, kwamfuta za ta tace maka wannan murya daga cikin hayaniya. Ba a fasa komai, ba a girgiza komai.

Na'urori uku muka aro, kwana huɗu aka ba mu. Muka manna su da ƙarfe ɗaya na dare, muka zauna a matakala cikin bargo, hunturu na kaɗawa ta taga. Da safe na buɗe bayanan, na sama duk shirme ne, layi na tsalle kamar an ɗaura na'urar a wutsiyar akuya. Na koma na ƙwanƙwasa inda na manna ta. Ƙarar ƙwarya ta ba ni. Filastar ta rabu da bulo, na'urar motsin ɓawon filasta ta kwana tana ji.

Dare ɗaya ya tafi. Amma muka ɗauki ƙaramar guduma muka bi duk inda hannu ke kaiwa daga baranda da tagogi, ɗalibaina suna zana inda ya yi ƙarar ƙwarya. A fuskar gabas fiye da rabi ne. Wannan ɓawon ba ya jiran girgizar ƙasa; wata rana da iska zai sauko, kuma ƙarƙashinsa ne ake jera takalma ranar Juma'a. Na gaya wa liman yau ɗin nan, an ja igiya an kewaye wurin.

Alhamis, 12 ga Disamba

An dace. Mun ɓantare filasta, muka kafa na'urorin a jikin bulo kai tsaye.

Gabas zuwa yamma tana kaɗawa sau 2.1 a daƙiƙa, kudu zuwa arewa sau 2.6. Akwai ƙa'idar ƙiyasi ta cikin dokar ginin Turai mai lamba 8, wadda ake lissafawa da tsawon gini kawai. A mita 19 tana ba da kusan 2.2. Ba mu yi nisa da ita ba ke nan. Bambancin ɓangarorin biyu kuwa, wani kaso bangon masallaci ne da ke tallafe ta daga kudu, wani kaso kuma ina zargin tsagar da jiƙaƙƙen bulon gabas.

Ɗalibata ce ta ga wani abin da ya wuce ni. "Malam, duba, da asuba 2.08 ne, da azahar ya koma 2.14." Na ɗauka kuskuren na'ura ne, ta nuna mini ya maimaita kwana biyu. Rana in ta gasa bulo sai ya ɗan kumbura, ƙananan tsagogi su rufe, ginin ya ƙara ƙwari. Sanyin asuba ya sake buɗe su. An ga irin wannan a hasumiyoyin Italiya da aka daɗe ana sa musu ido. Amfaninsa gare mu: duk awon da za mu kwatanta nan gaba dole ya zama a lokaci ɗaya na yini, in ba haka ba mu ɗauki aikin rana mu ce lalacewa ce.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wata guda ban rubuta ba. Jarrabawa ta riƙe yaran, ni kuma ina fama da makin takardu. A tsakani mun gina hasumiyar a kwamfuta, muka riƙa gyara ƙwarin bulo a cikin lissafin har kaɗawarta ta yi daidai da abin da muka auna. Sai da muka rage ƙwarin bangon gabas sosai kafin lambobin su zauna.

Sai babbar tambaya: da wace irin girgiza za mu gwada ta? Italiyawa suna da tarihin girgiza na ɗaruruwan shekaru, gari-gari, har suka fitar da ƙa'idojin duba gine-ginen tarihi a 2011, mataki uku, daga ƙiyasin gaggawa zuwa cikakken lissafi. Namu tarihin gajere ne. Akwai cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi mai lura da motsin ƙasa, akwai Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, amma na'urorin ba su daɗe da kafuwa ba in aka kwatanta da shekarun dutse. Abin da aka rubuta mafi yawa ƙanana ne: Ijebu-Ode 1984, Kwoi 2016, Mpape 2018.

Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci nake yi, Afirka ta Yamma ba ta girgiza. Na tuna masa Accra, 22 ga Yuni, 1939, wadda aka ji har Legas. Na tuna masa Gini, 22 ga Disamba, 1983, mai ƙarfi fiye da 6, ta kashe mutane ɗaruruwa a arewa maso yammacin ƙasar, yankin da ba a sa shi a lissafin masu girgiza ba. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ƙarfin yana ninkuwa kusan sau 32, don haka tsakanin 3 na Kwoi da 6 na Gini ninki ne sama da dubu talatin. Ba cewa nake irin ta Gini na tafe Kaduna ba. Nisa tsakanin "da wuya" da "ba za ta taɓa ba" shi nake nuna masa.

Mun yanke mu juya tambayar. Maimakon mu ce wace girgiza za ta zo, mu tambaya: wane ƙarfin turi ne zai fara kayar da wani sashe na ginin, kuma wane sashe ne zai riga?

Wannan lissafin ko da fensir ana yinsa. Ka tsayar da bulo a tsaye ka tura shi daga gefe: zai fara ɗagawa in turin ya kai rabin faɗinsa a raba da tsawon tsakiyar nauyinsa. Hasumiyar gaba ɗaya, rabin faɗi mita 1.6, tsakiyar nauyi wajen mita 8 daga ƙasa: sai turi ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinta. Wannan girgiza ce babba. Gangar jikin ba ta dame ni ba.

Ginshiƙan sama kuwa, rabin kauri santimita 15 a raba da rabin tsawo santimita 120: kashi 12 da rabi. In ka cire don kwaɓin da ya ruɓe a gindinsu, ka ce kashi 10. Kuma ba a ƙasa suke zaune ba. Riƙe karan dawa daga gindi ka ɗan motsa hannunka, dubi yadda kansa ke lilo. A lissafinmu motsin da ke isa baranda ya ninka na ƙasa sau biyu zuwa uku. Ma'ana turin kashi 4 ko 5 a ƙasa ya isa ya sa ginshiƙan su fara ɗaga ƙafa. Matsakaiciyar girgiza in ta faru kusa tana iya kawo wannan.

Ba sabon abu muka gano ba. A girgizar Kocaeli ta Turkiyya, 17 ga Agusta, 1999, hasumiyoyin masallatai da yawa sun karye alhali masallatan suna tsaye. A Maroko, daren 8 ga Satumba, 2023, hasumiyar Kutubiyya ta Marrakesh mai mita 77, ginin ƙarni na 12, ta tsaya, ƙaramar hasumiyar masallacin Kharbush da ke bakin dandalin Jama'ul Fana ta zube. Tsawo ba shi ne hukunci ba. Inda gini ya sauya siffa, ko inda aka yi ƙari ba a ɗaure ba, nan ake fara duba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Wani dattijo daga wata majami'a da ke kudancin kogi ya zo ofishina. Labari ya kai musu ta bakin ɗalibina. Suna da hasumiyar ƙararrawa ta dutse, ita ma da tsaga. "Ranka ya daɗe, in kun gama da na Malamai ku leƙo namu." Na yi alkawarin bayan damina. Tasu za ta fi wuya ta wani gefen, domin ƙararrawa mai lilo tana tura gini duk lokacin da aka kaɗa ta, kuma in saurin lilonta ya zo kusa da na hasumiyar, motsin ƙaruwa yake. Na ce kafin nan su riƙa bugunta da guduma tana tsaye.

Ma'aunan tsaga shida, mako goma sha ɗaya: ba abin da ya wuce kaurin gashi. Rani ne, ban yi mamaki ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zaman kwamiti bayan La'asar, ya kai mu har Magariba. Ban kai musu lissafi ba. Na je da bulo huɗu da faranti, na jera bulon a tsaye a kan tebur na ɗora farantin, na ɗan ja teburin.

Na ce abu biyar nake so, kuma na jera su bisa gaggawa, ba bisa tsada ba. A gyara indararo. A sauke ɓawon filastar da ya saki. A cire lasifikoki huɗu da ƙarfen da aka kafa su da shi a jikin ginshiƙai, domin ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura yana fasa bulo, a mayar da su kan sandar ƙarfe daban. A ɗaure hasumiyar da ɗamarar ƙarfe a wurare biyu daga ciki, a cike tsagar da kwaɓin farar ƙasa. Na biyar, a sauke ƙubbar kankare a sa mara nauyi, ko kuwa a ɗaure ta da tsohon gini da sandunan ƙarfe.

Huɗun farko ba musu. Na biyar ne ya tsayar da zaman. Ashe mahaifin ɗaya daga cikin manyan kwamitin ne ya ɗora ƙubbar, sadaka ce ya yi kafin rasuwarsa. Ban sani ba, kuma da na sani da ban fara da kalmar "saukewa" ba. Alhajin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, shekara nawa tana nan ba ta faɗo ba? Girgizar ƙasa kuma in Allah Ya kawo ta, ƙarfenka ne zai hana?"

Na buɗe baki, liman ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Alhaji, Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai ladan kabarinsa. Masallacin Juma'a na Zariya da ya rufta wa mutane suna sallar La'asar a watan Agustan 2023, girgiza aka yi?" Aka yi shiru.

Na ƙara da abin da na sani. Hasumiyar birnin Pavia a Italiya ta zube ranar 17 ga Maris, 1989, ba girgiza ba iska, ta kashe mutum huɗu, bayan ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Ta San Marko a Venis haka ta sulale a Yulin 1902. Daɗewar gini a tsaye shaida ce kan jiya kawai. Ni kaina da na fara aikin nan girgiza nake nema, sai ga shi abin da na tarar ruwa ne da tsatsa da siminti. Girgiza in ta zo, aikin da waɗannan suka yi shekara da shekaru suna yi za ta ƙarasa.

An amince da huɗu. Na biyar an ce in kawo farashin hanyoyin biyu bayan Sallah. Da za mu fita Alhajin ya riƙe hannuna ya ce in duba hanyar ɗaurewar da kyau. Na ce zan duba, kuma da gaske nake.

Asabar, 29 ga Maris

Ba mu yi aiki cikin azumi ba sai gyaran indararo da sauke lasifika. Na rubuta yau ne saboda Myanmar. Jiya Juma'a, ta ƙarshe a Ramadan, girgiza mai ƙarfin 7.7 ta auka wa yankin Mandalay da Sagaing daidai lokacin da mutane ke masallaci. Masallatai sun rufta da masallata a ciki. Allah Ya jiƙansu.

Tun daren jiya wayata ke ƙara. Na gaya wa kowa abu ɗaya: Myanmar tana kan babbar tsagar ƙasa mai motsi, mu muna tsakiyar tsohon dutse, kada a haɗa. Amma wani abu ya shige ni wanda ba ya cikin lissafina. Na auna bulo, na auna kaɗawa, ban auna inda mutane za su bi ba. Ƙofar da ta fi cunkoso a masallacinmu ita ce ta gabas, a gindin hasumiya. Na roƙi liman gobe in an dawo daga Idi, da kuma kowace Juma'a, a buɗe ƙofar arewa da aka daɗe da kullewa ana ajiye tabarmi a bayanta.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mun haƙa rami biyu a gindi don ganin harsashi. Baba birkila ya zo ya zauna a kujera yana ba masu haƙa umarni, ba wanda ya sa shi.

Ta yamma: harsashin dutse ne, zurfin mita 1.2, zaune a kan marmara busasshiya mai tauri, diga na tashi da wuta. Aiki mai kyau. Na faɗa masa, ya ce ai ya sani.

Ta gabas: zurfi ɗaya, dutse ɗaya, amma ƙasar jiƙe take sharaf, a tsakiyar bazara, wata biyar ba ruwan sama. Muka bi danshin, ya kai mu kwatar wurin alwala, wadda ta fashe a ƙarƙashin daɓe taku uku daga hasumiya. Ruwan alwalar jama'a sau biyar a rana yana tsiyaya gindinta, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Ga dalilin karkata gabas. Jiƙaƙƙiyar jar ƙasa tana laushi ta lotsa, busasshiya ta yamma ta ƙi.

Wannan ya shiga gaban komai a jerin. An kira mai gyaran famfo, za a karkatar da kwatar ta bi arewa da bututun roba. Na gargaɗi kwamiti cewa ƙasar in ta fara bushewa za ta ɗan tsuke, hasumiyar na iya ƙara motsi kaɗan kafin ta zauna. Kada a ga ma'auni ya gusa a ce gyaran ne ya ɓata.

Mun ɗebi ƙasa daga ramukan biyu don gwaji, muka mayar da sauran muka daddanne. Samfurin kwamfuta ma sai an sake shi, domin na ɗauka gindin kafe yake daram ta kowane gefe. Wani kaso na raunin da na ɗora wa bangon gabas ashe na ƙasa ne.

Talata, 20 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai sau uku. Ladan ya turo hotunan Juma'ar da ta wuce. Ma'auni biyar suna nan inda suke. Na tsakiya a tsagar gabas ya buɗe da kusan rabin milimita tun ƙarshen Afrilu. Ko bushewar ƙasa bayan gyaran kwata, ko jiƙar bulo da ruwan farko. Karatu biyu ba su isa a raba gardama ba. Na ce ya koma karantawa sau biyu a mako, Talata da Juma'a. In ya kai milimita ɗaya kafin ƙarshen Yuni za mu rufe ƙofar gabas gaba ɗaya mu tokare barandar.

Filastar gabas an sauke kashi biyu cikin uku. Jan bulon ya fito, mutanen unguwa na tsayawa kallo, wasu na cewa a bar shi haka. Baba birkila ya kwaɓa farar ƙasa gwaji uku a jikin katangar baya, ya ce kada wanda ya taɓa sai ta yi wata guda. Masu sayar da ita irin ta gini sun yi ƙaranci a kasuwa, buhu shida muka samu, muna bukatar kamar ashirin.

Farashin ƙubba ya fito. Ɗaurewa ta fi saukewa tsada, kuma sai an huda tsohon bulo zurfin mita biyu a wurare huɗu, abin da ba na so a bangon da bai gama bushewa ba. Akwai hanya ta uku da ɗalibina ya zana: kejin ƙarfe siriri daga cikin ginshiƙan, a kafa shi a ɗamarar sama, ƙubbar ta zauna inda take. Ban gama duba lissafinsa ba. Alhaji ya aiko a tambaye ni sau biyu.

An ba mu aron na'urorin jin motsi a mako na biyu na Agusta, tsakiyar damina. Za mu kafa su a ramukan da muka yi a Disamba, da ƙarfe ɗaya na dare. Ladan ya ce wannan karon shi zai kawo shayi.